Tsohuwar Hilux da rairayin Tenere: ina ya kamata kuɗin gyara ya tafi?

Tambaya: “Ina da tsohuwar Hilux mai gida biyu, ƙirar 1995, injin dizal 3L, mai ja da ƙafa huɗu. Ina so in shirya ta don zirga-zirga daga Agadas zuwa Dirku da Bilma. Bakanikena ya ce a ɗaga ta sama sosai, a sa mata manyan tayoyi masu haƙora, a yi mata gadin ƙarfe a gaba, a kuma ɗaura wa injin turbo. Da wanne zan fara?”

Amsa: Malam, kada ka fara da ko ɗaya a cikin huɗun nan. Biyu daga ciki ma, wato turbo da tayoyi masu haƙora, shawarata ita ce ka bar su gaba ɗaya. Ba girin-girin ba, ta yi mai. Abin da ke kai mota Bilma ya dawo da ita shi ne injin da ba ya zafi, iskar taya da ta dace da ƙasar da ake takawa, da kaya marar nauyi. Duk kuɗin da ka kashe a wani wuri kafin ka gama da waɗannan ukun, ado ka saya.

Ka fara da sanin darajar abin da ke hannunka. Hilux ta wannan zubin, wadda aka ƙera tsakanin 1988 da 1997, ita ce ta ƙarshe da Toyota ta yi da dunƙulallen asil a gaba a kan sifirin na faranti. Waɗanda suka biyo bayanta kowace ƙafar gaba zaman kanta take yi, da boljoyin da sauran ƙananan gaɓoɓi masu saurin gajiya a kan gargada. Injinka na 3L, mai lita 2.8, ba shi da kwamfuta, famfon mansa na tsohon yayi ne, waya ɗaya ce ke zuwa jikinsa don buɗe mai da rufe shi. Dizal ɗin duro da zai kashe nozul ɗin sababbin injuna irin 2KD cikin ɗan lokaci, shi zai haɗiye ya ci gaba da tafiya, muddin ka tace masa. Rauninsa biyu ne: ƙarfinsa bai wuce na doki 90 ba, sannan kansa ba ya yafe zafi. Ka riƙe waɗannan biyun a zuciya, domin su ne za su yanke hukunci a kan duk wani gyara da za a kawo maka.

Saboda haka aikin farko a lagireto yake. A kwalta, gudu ne ke tura iska cikin lagireto. A rairayi kuwa injin na aiki iya ƙarfinsa a giya ta biyu ko ta uku, motar kuma tafiyar hawainiya take yi, don haka fanka ce kaɗai ke shayar da shi iska. Mota mai shekara talatin, rabin bututun lagiretonta ya toshe da tsatsa da ƙasa ba tare da ka sani ba, domin a cikin gari allurar zafi ba ta taɓa nuna maka komai. A cire shi a buɗe a tsefe bututun ɗaya bayan ɗaya, ko a sa sabo mai layi uku. A canza famfon ruwa, da dukkan robobin ruwa har da ƙananan da ke zuwa hita, a ajiye tsofaffin a matsayin safaya. Marfin lagireto ma a sa sabo. Shi ne ke riƙe matsi har ruwa ya kai kusan digiri 120 bai tafasa ba, kuma idan robarsa ta mutu, ruwan zai tafasa tun a 100.

Ka duba cibiyar fanka da kanka. A cikinta akwai wani mai mai kauri da ke kama fankar idan injin ya ɗau zafi. Bayan tafiya mai tsawo, kashe injin, ka juya fankar da hannu. Idan ta yi ta wulwulawa sakayau babu turjiya, man ya tsiyaye, fankar juyawa kawai take yi ba ta jan iska. Ana iya sake mata mai, ana iya canza ta. Kuma kada ka yarda a cire kwandon roba da ke zagaye da fanka, domin shi ke tilasta iska ta bi ta cikin lagireto maimakon ta zagaye shi.

Akwai al’adar da ta zama ruwan dare a garejojinmu, daga Kano har Damagaram, ta cire tamostat, bawul ɗin da ke riƙe ruwa har injin ya ɗumama, da zarar mota ta shigo ƙasar zafi. Ban yarda da ita ba ko kaɗan. Tamostat ba ya sa mota zafi. Cire shi ɓoye cutar yake yi na ɗan lokaci, ya bar injin yana aiki da sanyi da asubahin hunturun hamada, lokacin da sanyi kan kusa daskarar da ruwa, ya cinye ringi. A sa na asali. Ruwan da za ka zuba kuma ya zama ruwan lagireto na kanti gauraye da ruwa mai tsabta. Ruwan rijiyoyin Kawar, wato yankin Dirku da Bilma, da na Fashi yana da gishiri da kanwa, idan ya shiga injin sai ya bar farin ɓawo a bututu. Don larura ne kawai, kuma da ka dawo gida a wanke.

Wani abu da direbobin hanyar suka sani, baƙo kuma bai sani ba: iskar hunturu daga arewa maso gabas take kaɗawa. A tafiyarka zuwa Dirku tana dukan fuskar mota, injin na shan iska. A dawowa kuwa tana bayanka, tana tafiya da kai kusan gudu ɗaya, sai ka ga allura tana hawa alhali ba abin da ya lalace. Kada ka kashe injin. Ka juya motar ta fuskanci iska, ka buɗe bonet, ka bar shi yana aiki a hankali har allura ta sauka. Wanda ya kashe injin yana tsakar zafi, ruwa ya daina zagayawa, nan kan injin ke tsagewa.

Daga nan za ka gane dalilin da na ce a bar turbo. An ƙera 3L da matsi mai yawa, sama da 20 bisa 1, ba a kuma yi fistin ɗinsa da kansa don ƙarin wuta ba. Turbo zai ba ka ƙarfi a kan kwalta, ba shakka, amma a rairayi inda za ka yi awa guda ƙafarka na kan totur, ƙarin zafin nan kan injin zai ci. Kuɗinsa ka kai shi ga sabon bel na taimin, wanda ka’idarsa canji a kowane kilomita 100,000 kuma idan ya tsinke bawul da fistin za su gwabza, da sabon kuloci cikakke, da gyaran nozul da famfon mai a wurin masu aikinsu. Injin da aka daidaita masa nozul yakan dawo da ƙarfin da mai shi ya manta yana da shi.

Yanzu taya, inda yawancin mutane ke yin asara. Taya mai manyan haƙora ta laka ce. Aikinta ta tona taɓo har ta taɓo ƙasa mai tauri. A Tenere, hamadar da ke tsakanin Agadas da Bilma, babu ƙasa mai tauri a ƙarƙashi, don haka tonawa za ta yi ta yi har cikin mota ya zauna a rairayi. Abin da kake nema shi ne taya ta hau saman rairayi ta shimfiɗu, kamar tafin raƙumi da ke bajewa idan ya taka. Wannan kuma ba faɗin taya ke kawo shi ba, rage iska ne. Idan ka sauke iska daga 35 zuwa 18 a gejin masu faci na Najeriya, wato daga kusan kilo 2.4 zuwa 1.2 a gejin Nijar, sawun tayar a ƙasa tsawo yake ƙarawa sosai, gaba da baya. Ka gwada a ƙofar gidanka: sa tsinke a gaban taya da bayanta inda ta taɓa ƙasa, ka auna, ka rage iska, ka sake aunawa. Abin da idonka zai gani ya fi duk bayanin da zan yi maka. Idan mota ta kafe ana iya sauka har 12, a fita a hankali ba tare da murɗa sitiyari da ƙarfi ba, sannan a ƙara.

To wace taya ce ke karɓar wannan? Mai doguwar kafaɗa, mai zane matsakaici, mai ɗaukar nauyi, wadda aka rubuta LT ko C a jikinta, a kan rim na ƙarfe mai inci 15 ko 16. Rim na ƙarfe idan dutse ya lanƙwasa shi guduma ce maganinsa. Na alminiyom tsagewa yake. A girma kuma kada ka yi nisa da na asali. Tayar 205R16 da irin motarka ke zuwa da ita tsayinta kusan santimita 73 ne. Mai inci 33 da bakanikenka ke hange ta kai 84. Wannan bambancin yana nufin ka zubar da kusan kashi 13 cikin 100 na ƙarfin da ke isa ƙasa, a injin da dama ba shi da rara, kuma kuloci ne zai biya bashin. 245/75R16 ko 31x10.5R15, masu kusan santimita 77, sun ishe ka. Direbobin Land Cruiser na Agadas suna son 7.50R16, kuma suna da gaskiya, amma su injin 1HZ mai silinda shida da lita 4.2 ke jan su.

Na fi son taya marar tif. Idan ƙayar aduwa ko ta bagaruwa ta huda ta, da igiyar faci za ka toshe daga waje ba tare da ka cire ta ba. Mai tif kuwa, idan iska ta yi ƙasa, tayar kan zame a kan rim ta fizge bakin tif ɗin, rairayin da ya shiga tsakani kuma ya goge shi har ya huje. Duk da haka ka ɗauki tif biyu, don ranar da gefen taya ya yage. Safaya biyu, ba ɗaya ba. Kuma don Allah ka karanta shekarar taya kafin ka biya, musamman ’yan gwanjo. A jikinta akwai lamba huɗu a ƙarshen layin DOT: 2319 na nufin mako na 23 na shekarar 2019. Tayar da ta wuce shekara shida, ko zanenta na sheƙi, robarta ta bushe, kuma rage iska da zafin rana za su fasa ta.

Wanda zai rage iska dole ya iya mayar da ita. Tsakanin Agadas da Itacen Tenere, wurin da wani shahararren itace ya taɓa tsayawa shi kaɗai a hamadar, akwai wurare masu duwatsu da tsakuwa, kuma taya mai iska 18 a kan dutse ko a gudun da ya wuce kilomita 50 zuwa 60 a awa tana ɗaukar zafi a kafaɗa har ta tarwatse. Don haka famfon iska mai ƙarfi da ke haɗuwa kai tsaye da kan batir, da geji mai kyau, da famfon ƙafa na ko-ta-kwana, sun fi maka gadin ƙarfe amfani nesa ba kusa ba.

Batun ɗaga mota: santimita 5 ya isa, kuma ta hanyar sababbin sifirin, ba ta cusa katako ko ƙarfe tsakanin bodi da shasi ba. Sau da yawa ma sifirin ɗin tsohuwar mota ya riga ya kwanta, sabo kawai zai mayar da ita tsayinta na asali. Duk abin da ka ƙara a tsayi ka rage shi a zaman mota, kuma a gefen tudun rairayi doguwar mota mai kaya a sama ita ke fara kifewa. Idan an ɗaga, a tuna da robobin birki su kai, a kuma daidaita sandar bawul ɗin birkin baya mai auna nauyi, in ba haka ba za ta ɗauka motar babu kaya ta rage wa baya birki. Ƙara faranti uku ko huɗu a sifirin na baya, kamar yadda masu lodi ke yi, yana hana mota durƙushewa, amma dukan da sifirin ya ƙi sha shasi ne ke shan sa. A mota mai gida biyu tsagewar takan fito daidai tsakanin gida da bodin kaya, musamman idan an jibge nauyi a bayan asil. A wanke shasin tas, a bi shi da tocila. Faranti ɗaya ya isa, tare da shokazoba masu kauri, domin a kan gargada man cikin ƙanana kan yi zafi ya yi kumfa su daina aiki.

Nauyi shi ne lissafin da nake so ka yi da biro da takarda. Irin motarka ba ta wuce ɗaukar tan ɗaya ba, har da mutanen ciki. Hanyar Dirku ta haura kilomita 600, kuma a rairayi mai laushi shan mai kan ƙaru da rabi, wani wuri ma ya ninka. Ka ce lita 200 na dizal da rara: kusan kilo 170. Ruwa lita 120: kilo 120. Mutum huɗu: kusan 280. Safaya biyu, jak, kayan aiki da kayan gyara: fiye da 120. Ka kusa kilo 700 ke nan, ba ka sa abinci ko buhu ɗaya na kaya ba. Yanzu ka ce za ka ƙara gadin ƙarfe da injin jan mota a hanci, wani kilo 80 zuwa 100 a kan tayoyin gaba, waɗanda su ne ke fara nutsewa. Injin jan kuma a ina za ka ɗaura igiyarsa? Itace ɗaya tak da ya yi suna a wannan hanya, wata babbar mota ta kaɓe shi a 1973, gangar jikinsa tana gidan tarihi na Yamai, na ƙarfe ne a tsaye a wurin yanzu.

Abin da ke fitar da mota a rairayi shi ne shebur mai dogon hannu, da faranti biyu ko huɗu na ƙarfe ko alminiyom masu huji da ake shimfiɗawa a gaban taya, da katako mai kauri da za a ɗora jak a kai, da igiyar ja mai talewa. A ɗaura igiyar a ƙugiyar da ke ɗaure a shasi da noti masu ƙarfi, kada a taɓa rataya ta a ƙwallon jan tirela, domin idan ya ɓalle harsashi ne. Mai da ruwa kuma su zauna ƙasa-ƙasa, a manne da bayan gida, a ɗaure tam. Na fi son jarkoki masu lita 20 a kan duro guda: idan ɗaya ta huje lita 20 ka rasa, ba 200 ba.

Ƙura ita ce mai kisan mummuƙe. Cire robar da ke tsakanin gidan filtar iska da injin, ka shafa yatsa a cikinta. Idan ya fito da ƙura ko kaɗan, akwai inda iska ke satar hanya, kuma wannan ƙurar tana goge silinda kullum. A gyara marfin, a canza robar da maɗaurinta. Bututun shaƙar iska da ake ɗagawa zuwa saman gilas yana da amfani a nan, ba don ruwa ba, sai don ƙurar da ke sama ta fi ta gindin taya sauƙi, musamman idan an ɗora masa kwanon da ke wulwula ƙura ya tara ta. Kada a bugi filta da dutse ko a hura ta da iska mai ƙarfi, takardar kan yi hujin da ido ba ya gani. Ka ɗauki sabuwa. A layin mai kuma a ƙara filta ta biyu mai kofin gilas a ƙasa, inda za ka ga ruwa ya kwanta ka zubar da shi kowace safiya.

Ɓangaren wuta ba shi da wuya amma ba a wasa da shi, domin ba a tura mota ta tashi a rairayi. Sabon batir, maɗauri mai ƙarfi, kikistata da altaneta a buɗe a canza musu gawayi. Batir na biyu da makunnin raba su abu ne mai kyau. Duk wayar da ke gogar ƙarfe a naɗe ta. Makullan cibiyar tayoyin gaba, waɗanda ake murɗawa da hannu, a wanke a sa musu giris, a kulle su tun kafin a shiga rairayi, a kuma cire giyar ƙafa huɗu da an hau kwalta. Idan hanyarka ta bi ta ciyawa, kamar yankin Tanut bayan damina, sa raga a gaban lagireto saboda ƙaiƙayi, ka riƙa leƙa ƙarƙashin mota kana cire busasshiyar ciyawar da ta naɗe kusa da salansa. Tukunyar kashe gobara ta zauna inda hannun direba zai kai.

Duk wannan gyaran ba ya maye gurbin mota ta biyu da ɗan jagora da ya san rijiyoyi. A watan Oktoba na 2013 an tsinci gawarwakin mutum 92 a arewacin Arlit kusa da iyakar Aljeriya, yawancinsu mata da yara, bayan motocin da suka ɗauko su sun lalace, ƙishirwa ta gama da su. Allah Ya ji ƙansu. Ba hatsari suka yi ba, mota ce ta tsaya. Ka bi ayari da rakiyar da hukumomin Agadas suka tsara, ka nemi takardun izini, ka tambayi ka’idar riƙe wayar tauraron ɗan’adam kafin ka saya, kada kuma ka bar sawun da aka saba bi, domin akwai yankunan arewa da aka taɓa binne nakiyoyi. Idan mota ta tsaya, a zauna a inuwarta. Mai nema mota yake hangowa daga nesa, ba mutum ba.

Idan an gama aikin, kada Tenere ta zama wurin gwajin farko. Ka loda motar da ainihin nauyin da za ta ɗauka, jarkoki cike, ka sa alamar farin fenti a kan notocin sifirin da na farfela da na sitiyari, ka yi kilomita ɗari a kan gargada da rairayi kusa da gari da tsakar rana. Da ka tsaya, kai bayan hannu kusa da kowace shokazoba: wadda ta yi sanyi alhali sauran sun yi zafi ta mutu. Duba alamomin fenti ko sun goce, ka sake ɗaure notocin sifirin domin sababbi kan saki bayan tafiyar farko, ka leƙa ƙarƙashi ko akwai ɗigon ruwa ko mai. Sannan ka cika tanki ka lissafa lita nawa ta sha a wannan kilomita ɗarin, domin da wannan adadin, ba da na bakin wani ba, za ka auna man da za ka ɗauka zuwa Dirku.